Sandar da Aka Ba Rayyanu

Garin Baƙo, gundumar Korgom
12 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Abdurrahamane, Mayahi.

Assalamu alaikum. Kawu, ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Inna Kadijatu da duk mutanen gida. Yaya ƙafa, yaya kunnen? Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi da na yi satin da na iso, ya wuce. Na kira wayarka sau biyu daga bisa tudu, don can kaɗai ake samun rezon waya, kai kana ta cewa wa ke magana, ni ina ta ɗaga murya har awaki suka tsaya kallona. Shi ya sa na koma takarda. Danda mai sayen man gyaɗa ya ce duk sati biyu yana bi ta Tasawa ya wuce Mayahi, zai riƙa kawo maka.

An naɗa ni darakta a nan, ban nema ba. Mu uku ne: ni, da malaminmu namiji Mushe Hisham wanda ya shekara tara a garin, da Madam Lubna mai ƙananan aji. Yara ɗari da arba'in da shida. Aji biyu ginin ƙasa ne, ɗaya rumfar zana. Goma sha tara daga cikin yaran ƴan ruga ne, Fulanin da ke zaune arewa da gari, tafiyar kilomita biyar.

Abin da ya dame ni faɗa ne. Kullum lokacin shan iska sai an yi, ƴan gari gefe guda, ƴan ruga gefe guda. Ranar da na kama aiki na tattara bulala huɗu na kulle a kabad. Ka san an daɗe da hana duka a takarda, amma takarda daban, aji daban. Hisham bai yi mani musu ba, cewa kawai ya yi kafin sati biyu da hannuna zan miƙa mashi makulli.

Ran Juma'a wani yaron ruga, Rayyanu, ɗan shekara goma sha biyu, ya fasa ma wani kai da allo. Wanda aka fasa ɗin ɗan shugaban kwamitin iyayen yara ne, Malam Ɗan Baba. Uban ya zo da kanshi ya ce ko dai a zane yaron gaban makaranta, ko a kore shi. Na ba shi haƙuri, na kai ɗan nashi aka wanke ciwon, na roƙi wata guda.

Kawu, a gidanka na zauna na yi kwaleji, kuma shekara talatin da ɗaya ka yi kana wannan aiki. Ban san wanda zan tambaya ba in ba kai ba. Me zan yi da watan nan da na roƙa?

Ɗiyarka,
Zeinabou

Mayahi
25 ga Oktoba

Ɗiyata Zeinabou,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun yi murna da matsayin da kika samu, Allah ya taya ki riƙo. Muna lafiya. Ƙafa na nan yadda kika san ta. Kunnen dama ya bi ni ritaya, na hagu yana aikin rabin yini. Kadijatu tana shan maganin hawan jininta in ta tuna. An gama yankan gero, ba laifi bana.

Kulle bulala ba wuya. Abin da za ki sa a madadinta shi ne aikin. Ba zan ce maki kin yi daidai ko kin yi kuskure ba, don ni na yi duka a zamanina, fiye da yadda nake son tunawa.

Kin ce kullum ana faɗa, amma ba ki ce ƙarfe nawa ba, a wane wuri, kuma a kan me. Ina jin ke ma ba ki sani ba, don sai kin ji ihu kike fitowa. Ki yi sati guda ba ki shiga ofis lokacin shan iska ba. Ki ɗauki kujera ki zauna a fili kamar mai gyaran kaye, littattafan rubutun yara. Kada ki kalli faɗan, ki kalli abin da ke faruwa kafin a fara shi.

Ki tambayi yaron ƙarfe nawa yake barin gida, da abin da ya ci kafin ya fito. Ki je rugar da ƙafarki, ki gaida manya, ki sayi nono, kada ki kai ƙarar kowa a zuwan farko. In malami bai taɓa zuwa gida ba sai da ƙara, ganinshi ma tashin hankali ne.

Hisham kuma kada ki ƙasƙantar da shi gaban yara. Shekara tara ba wasa ba ce, ya san ɗan wane ne kowane yaro. Ki riƙa tambayar shi abin da ya sani, ko da ba za ki bi abin da ya ce ba.

Ki rubuto mani abin da kika gani.

Kawunki,
Abdurrahamane

Garin Baƙo
10 ga Nuwamba

Kawu,

Barka da war haka. Ina fatan kuna lafiya, Inna ta riƙa tuna maganinta. Ni lafiya ƙalau, Lubna ce ke fama da haƙori.

Na yi yadda ka ce, kuma na ji kunyar abin da na gani, don a gaban ofishina yake faruwa. A bakin randa ake fara faɗan. Randa guda ce, moɗa guda. Ƴan ruga suna fitowa tun da asuba bayan sun taya tatsa, su iso a makare, a sa su durƙuso cikin rana saboda makara. Ƙarfe goma in an fito, su ne suka fi kowa ƙishirwa, su ne kuma ake ture wa baya. Kafin moɗa ta kai gare su ruwa ya ƙare. In sun yi magana a kwaikwayi Hausarsu ana dariya.

Rayyanu yana da ƙanwa a ajin farko, Khairat, shekararta bakwai. Na ga wani babban yaro ya karɓe moɗa daga bakinta ya zubar da ruwan, ya ce sai an wanke kafin ya sha. Rayyanu na tsaye yana gani. Ranar ban bari ta kai ga duka ba. Da na tambaye shi, ya ce shi in an ture shi bai damu ba. Lubna ta ce yarinyar tun da aka buɗe makaranta ba ta ce uffan a aji ba.

Na je rugar ran Asabar. Babansu sunanshi Ishaƙu, mutum ne mai natsuwa. Ya ce tun da aka gina makarantar ba malamin da ya taɓa taka wurinsu. An dama mani hura, na sayi nono, ban kai ƙara ba. Shi da kanshi ya tayar da maganar allon, ya ce ya yi ma yaron faɗa.

Ga abin da muka canza. An daina durƙuso, wanda ya makara ya shiga aji kawai. Matar mai gari ta ba mu randa ta biyu. Na kuma ba Rayyanu sandar ƙarfen nan da ake buga ƙararrawa da ita, ka san tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a iccen bedi. Shi ke bugawa, yara su fito shan ruwa aji-aji, ƙanana a gaba. Na ce mashi ranar da ya taɓa wani, ranar zai ajiye ta. Kwana tara ke nan ba a yi faɗa ba.

Hisham ya ce na ba mai laifi sarauta. Malam Ɗan Baba bai ce komai ba tukuna, watan da na roƙa ya cika jibi.

A gaida Inna.

Ɗiyarka,
Zeinabou

Mayahi
23 ga Nuwamba

Zeinabou,

Muna lafiya, ina fatan ke ma haka. Takardarki ta iso, amma bidon mai ya tsiyaye cikin jakar Danda, rabin shafi na biyu ya jiƙe. Abin da ya rage na karanta shi sau huɗu, kuma ya ishe ni.

Maganar randa kin yi kyau, da zuwa ruga. Amma kin rubuta cewa kin ba Rayyanu sanda, shi ke bugun yara, ƙanana a gaba. Ban san wanda ya ba ki wannan shawara ba. Kin karɓe bulala daga hannun babba mai hankali kin danƙa ma yaro ɗan shekara goma sha biyu, yaron da ke cike da haushin abin da aka yi ma ƙanwarshi. Kin ce kwana tara ba faɗa. Tsoro ne ya sa, kuma na san inda irin wannan shirun yake ƙarewa. Ki karɓe sandar nan ranar da takardata ta same ki.

Ban tsaya nan ba, kuma gara ki ji daga bakina. Akwai tsohon ɗalibina Khalid, wanda yanzu shi ke zagayen duba makarantun yankinku yana ba malamai shawara. Ya zo Mayahi ta'aziyya, na faɗa mashi, na roƙe shi ya leƙa ki kafin wani abu ya faru. Ba ƙararki na kai ba. Na ga aikin ya yi maki yawa ke kaɗai.

Kawunki,
Abdurrahamane

Mayahi
4 ga Janairu

Ɗiyata Zeinabou,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, sai mura da ta zagaye gidan. Danda ya zo sau uku hannu wofi. Ya ce kina karɓar gaisuwa, kina cewa ba saƙo. Hutun tsakiyar shekara ma mun sa ido ba ki zo ba.

Shekaranjiya Kadijatu tana kakkaɓe akwati ta ga takardarki ta Nuwamba. Man ya bushe. Ta ɗaga ta ga rana, idonta ya fi nawa, ta karanta mani layin a hankali. Akwai kalmar ƙararrawa a ciki. Akwai shan ruwa. Ta karanta har ƙarshe, sannan ta ajiye ta shiga ɗaki.

Na yi kuskure, ba ƙarami ba. Ban san abin da zuwan Khalid ya jawo ba, wayarshi ba na jin abin da yake faɗa. Ki gaya mani, ko da ba daɗi.

Kawunki,
Abdurrahamane

Garin Baƙo
19 ga Janairu

Kawu,

Na samu takardunka biyu. Allah ya ƙara sauƙin murar. Ni lafiyata lau. Na yi shiru ne don duk abin da na fara rubutawa ba irin wanda ake aika ma kawu ba ne.

Khalid ya zo ran huɗu ga Disamba. Ya fara tsayawa gaida mai gari, aka tambaye shi abin da ya kawo shi, ya faɗa. Kafin babur ɗinshi ya iso makaranta, Malam Ɗan Baba da iyaye fiye da goma suna biye da shi. Ƙarfe goma saura kaɗan ne. Rayyanu na tsaye gindin bedi da sandar ƙarfen a hannu yana jiran in ɗaga mashi kai.

Ba na jin Khalid ya nufi sharri, amma a nan fili ya tambaya wane ne yaron da aka ba sanda yana dukan yara. Malam Ɗan Baba ya nuna, ya ce ga ta nan a hannunshi. Sai bakuna suka buɗe. Wani ya ce dama su ba su taɓa yarda ɗan ruga ya zama shi ke cewa ga lokacin da ƴaƴansu za su sha ruwa ba. Khalid ya tambayi yara ko Rayyanu ya taɓa dukan wani. Ɗan Malam Ɗan Baba ya nuna tabon kanshi, wanda gaskiya ne, amma na Oktoba ne. Na yi bayani, murya ta mace guda cikin maza goma. Na dubi Hisham, ya dubi ƙasa.

Daga baya a ofis Khalid ya gane komai, ya rubuta cewa ba gaskiya ba ne, ya ba ni haƙuri. Amma wannan a ofis ne, ƙofa rufe. Kafin nan Rayyanu ya riga ya zo ya ajiye sandar a gabana. Bai yi kuka ba. Ya shiga rumfa ya kamo hannun Khairat, suka kama hanya, sauran goma sha bakwai suka bi su a jere. Har yau ko ɗaya bai dawo ba.

Na je rugar sau uku, har da cikin hutu, shi ya hana ni zuwa Mayahi. Matan suna karɓa ta, Ishaƙu kuwa sau biyu yana barin wurin in ya hango ni. Na uku ya zauna. Ya ce, "Madam, ke da mutunci kika zo mana. Amma a gaban mutane aka ce ɗana mugu ne. Wanda ya fara faɗar haka, shi zai zo ya janye a gaban mutane." Ya tambaye ni wane ne. Ban yi mashi ƙarya ba, na ce kawuna ne. Ya ce ashe daga gidanku ta fito.

Malam Ɗan Baba yana cewa makaranta ta huta. Ba ta huta ba. Sati biyu aka yi lafiya, sai manyan ƴan gari suka koma ture ƙananan ƴan gari a bakin randa. Hisham ya gani da idonshi. Yanzu shi ke tsayawa can ƙarfe goma, ban sa shi ba, bai kuma nemi makullin kabad ba.

Abin da ya fi ci mani rai ba zuwan Khalid ba ne. Ka ce aikin ya yi mani yawa. Shekara huɗu na zauna gidanka, ka san ni, amma ka ga rabin layi ka yarda zan ba yaro sanda ya doki ƙanana, ba ka ko tambaye ni ba.

Ka gaida Inna, ka ce na gode mata.

Zeinabou

Mayahi
1 ga Fabrairu

Ɗiyata,

Mun samu sauƙi, alhamdu lillahi. Na karanta takardarki, ba kalma guda da zan musa.

Da na ce aikin ya yi maki yawa ke kaɗai, ba ina nufin ba ki iya ba. Ina nufin ba ki da mai taya ki. Amma tambayar da kika yi daidai ce, kuma kin cancanci amsa. Ban yarda don na san ki ba, na yarda ne don na san kaina.

Shekarata ta shida da fara aiki aka tura ni wata makarantar ƙauye cikin gundumar Sarkin Hausa. Ni kaɗai ne, yara tamanin. Na ɗauki babba a cikinsu, Khalifa, na ba shi tsumagiya, na ce in na juya ina rubutu a tablo, allon aji, duk wanda ya motsa ya zuba mashi. Aji ya yi tsit, har aka yaba mani. Wata rana bakin tsumagiyar ya sami idon wani yaro, Hafiz, ɗan shekara takwas, wanda ya fi kowa lissafi. Idon bai warke ba. Iyayenshi ba su kai ƙara ba, suka ce ƙaddara ce, suka cire shi. Khalifa ma bai ƙara wata guda ba ya gudu. Ni aka canza mani wuri, shi ke nan. Hafiz yana kawo kaji kasuwar nan, yana gaishe ni da Mushe, yadda ake kiran malami, ni kuwa ban taɓa ce mashi ya yafe mani ba. Ko mahaifiyarki da muke kaka guda ba ta san wannan labari ba.

Da na ga sanda da yaro da ƙanana a layi guda, ban ƙara ganin komai ba. Wannan ba uzuri ba ne, bayani ne kawai.

Ishaƙu ya faɗi gaskiya. Zan zo. Danda ya ce motarshi za ta bi Korgom ran goma sha biyu ga wata, daga nan a samo mani amalanke, don ƙafar ba ta hawa babur. Ki tara mutanen da suka taru wancan karon, kada a rage ko ɗaya, a gindin iccen nan, da rana, yara na nan. Na aika ma Khalid, ya ce zai zo. Ki roƙi Ishaƙu ya zo da yaron. In ya ƙi, ni zan je rugar.

Zan taho da takardarki da mai ya jiƙa.

Kawunki,
Abdurrahamane

Garin Baƙo
24 ga Fabrairu

Kawu,

Ina fatan ka isa gida lafiya, ƙafar ba ta kumbura da girgizar amalanke ba. A gaida Inna, kilishin da ta aiko mun raba da Lubna da Hisham. Mu duka lafiya.

Ka tafi washegari da sassafe, ba mu samu zama ba, kuma na lura rabin abin da aka faɗa a taron ka gyaɗa kai ne kawai, ba ka ji ba. Bari in cike maka.

Lokacin da ka gama magana kana miƙa takardar hannu zuwa hannu, Malam Ɗan Baba ya ce to ai ko ba a yi dukan ba, yaron ya taɓa fasa kai. Hisham ne ya amsa mashi. Ya miƙe ya ce wata biyu ke nan yana tsaye bakin randa, ba ɗan ruga ko ɗaya, kuma ture-turen bai ragu ba. Ya ce ran huɗu ga Disamba ya san gaskiya ya yi shiru, shi ma yana neman afuwar yaron.

Da ka sunkuya gaban Rayyanu ka ce ya yafe maka, abin da ya ce shi ne, "Ban buga kowa da ita ba." Sau biyu ya faɗa. Kai ka ce madalla, Allah ya yi maka albarka. Ishaƙu ya ce shi bai taɓa ganin tsoho mai furfura ya yi tafiyar yini don ya ba yaro haƙuri ba, magana ta wuce daga wurinshi.

Bayan an kai ka masauki muka ci gaba har azahar. An yarda a ba ƴan ruga kujera a kwamitin iyaye, Ishaƙu ya karɓa. Malam Ɗan Baba bai so ba, amma mai gari ya sa baki. Ƙararrawa da layin ruwa yanzu yara biyu ke riƙewa duk sati, ɗaya daga gari ɗaya daga ruga, aji ke zaɓa. Wanda ya kwaikwayi maganar wani kuma, zai koyi kalmomi biyar na Fulatanci daga bakin wanda ya yi ma dariya, ya faɗe su gaban aji. Wannan shawarar Lubna ce. Yara uku sun riga sun faɗa ciki, yanzu har waɗanda ba su yi laifi ba suna son a koya masu.

Ran Litinin yara goma sha huɗu suka dawo, ran Laraba uku. Rayyanu yana cikin na farko. Ajinsu suka zaɓe shi ya fara riƙe ƙararrawa, ya ƙi. Na kira shi gefe na tambaye shi dalili. Ya ce, "Madam, a ba wani. Ni karatun da ya wuce ni nake so." Hisham ke zama da shi da sauran manyan rabin awa bayan an tashi. Ba ya dariya kamar da, kuma in baƙo ya shigo da babur sai ya miƙe tsaye yana kallon ƙofa. Ina jin wannan zai ɗauki lokaci. Khairat tana amsa sunanta yanzu, a hankali, sai ka matsa kusa.

An yi faɗa ran Alhamis a kan ƙwallo, ƴan gari biyu. Mun zaunar da su kowa ya faɗi nashi, suka share aji tare.

Kawu, na huce. Na karanta labarin Hafiz, ba zan faɗa ma kowa ba. Abin da za ka yi da shi kai ka sani.

Biyu ne ba su dawo ba, wa da ƙanwa, marayu, suna hannun kakarsu. Ita ba ta zo taron ba. Ta ce ba ta ga abin da zai hana a sake ba, kuma ba ta da ƙarfin zuwa tsaya masu. Khalid ya ce in sun cika wata uku in soke sunansu daga rajista. Saura kwana takwas. Ban soke ba, ina kiran su kowace safiya tare da sauran. Ran Asabar zan koma wurin tsohuwar. Hisham ya ce zai kai ni a babur ɗinshi, Ishaƙu kuma zai jira mu a bakin ruga.

Ɗiyarka,
Zeinabou